Birnin Malabo da Sunayen Tsibirinsa

A cikin tekun Gini, daura da gaɓar Kamaru, akwai wani tsibiri mai duwatsu da yawan ruwan sama wanda mutanen Bubi suka zauna a kansa ƙarnoni masu yawa kafin wani jirgin Turawa ya hango shi, kuma a harshensu Etula suke kiransa, amma da wuya mai karatu ya tarar da wannan suna a taswira, domin al'adar masu mulki ce su raɗa wa ƙasa suna ba tare da sun shawarci ma'abotanta ba.

Wajen shekarar 1472 wani matuƙin jirgin ruwa na Fotugal, Fernando Po, ya iso ya kira shi Formosa, wato kyakkyawa, daga baya kuma sunansa shi kansa ya rinjaya, tsibirin ya ci gaba da amsa shi har bayan da ya koma hannun Sifaniya a 1778. Garin da ake kira Malabo a yau kuwa Ingilishi ne suka kafa shi a 1827, suka sa masa Port Clarence, ya zama sansanin jiragensu masu farautar fataken bayi, kuma a nan aka sauke bayin Allah da dama da aka kuɓutar, waɗanda zuriyarsu ta wanzu a garin har yau. Da Sifaniya ta dawo da ƙarfinta sai ta mai da shi Santa Isabel. Su kuwa leburorin Nijeriya da suka yi ta ƙetarawa aikin gonakin koko, Panya kawai suke cewa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da ya biyo bayan 'yancin kan da ƙasar ta samu daga Sifaniya a 1968. A 1973 shugaba Masiyas Ngema, mutumin da ya zubar da jinin talakawansa ba bisa haƙƙi ba, ya sa wa birnin sunan Malabo, wani sarkin Bubi da ya rasu a 1937, wanda hakan adalci ne. Amma sai ya ɗora wa tsibirin baki ɗaya sunan kansa, alhali shi mutumin ɓangaren ƙasar da ke kan nahiyar Afirka ne, ba ɗan tsibirin ba. Da aka hamɓarar da shi a 1979 aka kira tsibirin Biyoko.

A ganina Bubi sun cancanci a mayar musu da Etula, ko da a haɗa shi da sunan hukuma ne a littattafan makaranta.