Aron Bakin Magabata: Tarihin Darasin "Ni Ne Wane"

Sa ɗalibi ya ari bakin mutumin da ya shuɗe, ya ba da labari yana cewa "ni", ba sabuwar dabara ba ce. A ajin balaga aka haife ta, tun kafin tarihi ya zama darasi mai zaman kansa. A ƙarni na 4 Miladiyya, Aftoniyus na Antakiya ya tsara darussa 14 na share fagen iya magana, na 11 a cikinsu shi ne kwaikwayon hali. Yaro zai faɗi abin da wane zai faɗa a wani yanayi, ya fara da halin da ake ciki, ya waiwayi baya, sannan ya hangi gaba.

Rumawa sun fi son mutanen tarihi. Ɗalibansu sukan tattauna ko Hanibal zai zarce birnin Rum bayan nasarar Kanae ta shekarar 216 kafin Miladiyya, ko su shawarci Sulla ya sauka daga mulki. Agustin, wanda aka haifa a 354 a Tagaste, wato Suk Ahras ta Aljeriya a yau, ya ba da labarin yadda aka sa shi yana yaro ya faɗi kalaman gunkiya Juno cikin fushinta. Ana yi ne don neman yabo ko tsoron bulala. Ya fi tsaransa shan tafi, amma da ya manyanta sai ya ɗauki abin aikin banza. Ƙorafinsa yana da tushe, domin abin da malami ke aunawa shi ne zaƙin baki da dacewar magana da mai ita. Ba a tambayar ko hakan ta faru.

Wannan gibin ne malaman tarihi suka gada. A 1972 aka ƙaddamar da wani shiri a Leeds ta Ingila don sabunta koyar da tarihi, kuma cikin manufofinsa har da koya wa yaro ya fahimci yadda mutanen da suka ga duniyarsu. Sai rubutun "ka ɗauka kai ne wane" ya yawaita a ajujuwa. Kafin ƙarshen shekarun 1980 gardama ta kaure. Masu suka suka ce yara ƙaga labari kawai suke yi, suna sanya wa mamaci tunanin ɗan zamani, kuma ba a san ma'aunin da za a ba shi maki ba. Ba su faɗi ƙarya ba, sai dai laifin ya fi rataya a kan aikin da aka ba yaro ba tare da hujjoji a gabansa ba.

Wuyar darasin tana ga mantawa. Ɗalibi ya san ƙarshen labari, mai labarin kuwa bai sani ba. A ɗauki Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ranar da ya bar Sakkwato bayan yaƙin 15 ga Maris 1903. Wanda zai rubuta da bakinsa dole ya cire Burmi daga ransa, inda aka kashe Sarkin a Yulin shekarar, domin mai fita bai san nan tafiyar za ta tsaya ba. Abin da ke gabansa shi ne hijira zuwa gabas, da jama'ar da ke barin gidajensu suna bin sa. Harshe ma yakan tona asiri. Attahiru zai ce "Nasara", ba "ƴan mulkin mallaka" ba, kuma ba zai kira kansa ɗan Nijeriya ba.

Malamin da ya san wannan ba ya fara gyara daga salo. Yakan bi rubutun jimla bayan jimla da tambaya biyu: daga wace hujja aka samo wannan, kuma ta yaya mai maganar ya san shi a ranar? Jimlar da ta gaza amsawa sai a ja mata layi, ɗalibi ya koma ga wasiƙun zamanin.