Lissafin kashi cikin ɗari idan farashi ya canza sau biyu a jere

Kowace shekara matasa daga Larle da sauran unguwannin Wagadugu suna zama jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, wato concours, domin neman gurbi a makarantu irin su ENAM. Gurabe kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa, saboda haka maki ɗaya na iya hana mutum shiga. Cikin tambayoyin lissafi da ke yawan kayar da ɗalibai akwai ta farashin da ya canza sau biyu a jere.

Inda ake yin kuskure

A ce buhun shinkafa yana sefa 20,000 a kasuwar Rood Woko. Ya tashi da kashi 25 cikin 100, daga baya ya sauka da kashi 25. Mai gaggawa zai ce ya koma farashinsa na farko, amma ba haka ba ne. Tashin ya kai shi 25,000. Saukar kuma daga 25,000 ake lissafa ta, wato 6,250, sai ya koma 18,750. Ke nan ya ragu da kashi 6.25. Dalili shi ne, canji na biyu yana hawa ne kan sabon farashi, ba kan tsohon ba.

Ƙa'ida

Ba a tara kason biyu, ninka su ake yi. A mayar da kowane canji lambar ninkawa, wadda ake kira coefficient multiplicateur da Faransanci. Ƙarin kashi 25 shi ne 1.25, ragin kashi 25 kuma 0.75. A takardar jarrabawa da waƙafi ake rubuta su: 1,25 da 0,75. Sai a ninka: 1.25 × 0.75 = 0.9375. Idan amsar ta haura 1, ƙari ne. Idan ta gaza 1, ragi ne.

Haka nan ƙarin kashi 10 da ƙarin kashi 20 bayansa: 1.10 × 1.20 = 1.32. Ƙarin kashi 32 ke nan, ba 30 ba. Ko wanne aka fara da shi, amsar ɗaya ce. In tambayar ba ta ba da farashi ba, a ɗauka 100 ne: ya zama 110, sannan 132.

Komawa farashin farko

A nan rabawa ake yi. Harajin TVA a Burkina Faso kashi 18 ne. In kaya sun kama 11,800 har da haraji, a raba da 1.18, a sami 10,000. Wanda ya cire kashi 18 daga 11,800 zai sami 9,676, kuma ya faɗi tambayar.

Iyayenmu sun ga wannan lissafi da idonsu. A watan Janairun 1994 an karya darajar sefa da kashi 50. Faran ɗin Faransa ɗaya da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Darajar sefa ta ragu da rabi, amma kuɗin da ɗan kasuwa zai biya ya sayi faran ɗin ya ninka, wato ƙarin kashi 100. Lissafin shi ne 0.5 × 2 = 1: ragin kashi 50, sai ƙarin kashi 100 ke goge shi.

Gwada kanka

An yi wa wani yadi rangwamen kashi 20, aka sake rage kashi 10, aka sayar da shi 7,200. Nawa ne kuɗinsa na farko? Ninka 0.80 da 0.90, ka sami 0.72, sannan ka raba 7,200 da shi. Amsa: 10,000, kuma jimillar rangwamen kashi 28 ce. A ɗakin jarrabawa, kafin ka zaɓi amsa, rubuta lambobin ninkawar a gefen takarda tukuna.