Madannan Waya Da Haruffan Lanƙwasa

Wayar da na fara riƙewa ƙaramar Nokia ce mai madannai goma sha biyu. Kafin in rubuta "sannu" sai na danna sau goma sha ɗaya: huɗu a kan lamba 7 don in samu "s", ɗaya a kan 2, biyu a kan 6, in ɗan dakata, in sake biyu, sannan biyu a kan 8. Duk da wannan wahala, yatsana ya haddace wurin kowane harafi, har nakan rubuta saƙo wayar tana cikin aljihu.

Jerin haruffan da ake kira QWERTY ya girmi wayar hannu da shekaru ɗari. Asalinsa keken rubutun da Christopher Sholes ya ƙera a Amurka, wanda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874. Faransawa suka sauya wasu haruffa suka samu AZERTY, shi ne muka gada a ofisoshin Nijar. A 1996 Nokia ta fitar da 9000 Communicator, waya mai buɗewa kamar littafi da cikakken jerin haruffa a ciki, nauyinta ya kusa giram 400. Sai kamfanin Research In Motion na Kanada ya zo da BlackBerry a 1999, ya koya wa duniya rubutu da manyan yatsu biyu.

Ranar 9 ga Janairun 2007 Steve Jobs ya nuna iPhone ta farko. Hujjarsa ita ce madannan roba suna cinye kusan rabin fuskar waya, kuma suna nan daram ko ana bukatarsu ko ba a bukata. Wayar Android ta farko, HTC Dream ta 2008, ta zo da madannai masu zamewa daga ƙasa, amma kasuwa ta riga ta karkata ga gilashi. A 2016 BlackBerry ta daina ƙera waya da kanta, ranar 4 ga Janairun 2022 kuma ta rufe hidimar tsofaffin wayoyinta.

Masu kewar wancan zamani suna da gaskiyarsu, domin yatsa yana son abin da zai taɓa ya ji. Sai dai ni da nake rubutu da Hausa ina tuna wani abu da ba su cika ambata ba. A duk madannan da na taɓa riƙewa, babu inda na ga ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ. Roba ce aka buga wa haruffa tun daga masana'anta, kuma ba da mu aka yi shawara ba. Ga kuma lissafin kuɗi: saƙon tes yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar harafi irin ƙ ya shiga, sai ya koma 70. Wa zai biya kuɗin saƙo biyu saboda lanƙwasa ɗaya? Haka muka saba rubuta "baki" muna nufin baƙi, "kasa" muna nufin ƙasa, "karya" muna nufin ƙarya, mai karatu ya yi ta lalube.

Gilashin da ake zargi shi ya share mana hawaye. Tunda haruffansa zane ne kawai, ana iya sauya su. Ka zaɓi Hausa a saitin waya, haruffanmu su bayyana.

Amma gilashi yana da nasa haraji. Da na fara rubuta dogayen labarai a waya, babi biyu a dare, manyan yatsuna suka fara tsami, ga allon ya rufe rabin abin da nake rubutawa. Sai na sayi ɗan allon madannai mai naɗewa, wanda ake haɗawa da Bluetooth. Irinsa ma ba sabon abu ba ne, tun wajen 1999 ake sayar da masu naɗewa domin na'urorin Palm. Na jingina wayar da kofin shayi, na sa yatsu goma, aiki ya yi sauri. Da na zo rubuta "ɗaki" sai na tsaya cak. Ga é, ga è, ga ç, ga à, babu ɗ. Na gudu ban tsira ba.

Yanzu haka nake yi: in rubuta babi da madannai, in cire su, in bi shi layi-layi da gilashi ina mayar wa kowace kalma lanƙwasarta. Yakan ci mini rabin sa'a, wani lokacin barci ya ce in bari. Ba na bari, saboda yaran da ke karanta mu a waya daga gare mu suke koyon yadda ake rubuta Hausa. A 2024 an fito da Clicks, rigar iPhone mai madannai a gindinta, alamar cewa yatsa bai haƙura ba. Idan madannai za su dawo, fatana wannan karon su zo da ƙ a jikinsu.