Sunan da ke bayan hoto: tarihin katin mai hoto, daga Faris zuwa Batsari da Safana

Idan akwai tsohon hoto a gidanku, irin baƙi da farin nan na kaka ranar da zai tafi aikin Hajji, ko na auren iyaye, ɗauko shi ka juya bayansa. A wasu za ka tarar da hatimi mai shuɗin tawada ɗauke da sunan shagon hoto da garin da yake. A wasu kuma babu komai sai farar takarda. Na farkon za a iya bin sawunsa a gano wanda ya ɗauka da kusan lokacin da aka ɗauka. Na biyun kuwa, da zarar dattijon da ya san labarinsa ya rasu, shi kenan.

Abin da ya kawo maganar shi ne wata tambaya da matasa masu sha'awar hoto kan yi. Mutum yana da waya mai kyau ko ƙaramar kyamara, yana ɗaukar hawan Sallah, da ranar kasuwa, da duwatsun da ke kewaye da gari, amma ba da hoto yake ci ba. Shin ya kamata ya buga kati mai sunansa da lambarsa ya riƙa yawo da shi, ko kuwa wannan neman suna ne kawai? Tambayar ta fi ƙarfin ado. Tarihin hoto ya nuna cewa ɗan wannan kati ya sha raba wanda aka tuna da wanda aka manta.

Lokacin da kati da hoto abu ɗaya ne

An sanar da duniya fasahar ɗaukar hoto a birnin Faris a 1839, da hanyar Louis Daguerre. Matsalarta ita ce hoton yana fitowa ne a kan farantin ƙarfe guda ɗaya tak, ba a iya kwafarsa, ga kuma tsada. A 1851 wani Bature ɗan Ingila, Frederick Scott Archer, ya fito da hanyar ɗaukar hoto a kan gilashi. Abin da ke fitowa a gilashin shi ne dodon hoto, wato wanda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, kuma daga shi ana iya wanke kwafi ko nawa ake so.

A 1854 sai wani mai hoto a Faris, André Disdéri, ya yi rajistar wata dabara. Maimakon hoto ɗaya a gilashi ɗaya, sai a ɗauki ƙanana da yawa, galibi takwas, a wanke su tare, a yanka, a manna kowanne a kan kwali mai kimanin santimita 6 da 10. Girman ya yi daidai da katin da masu hali na Turai ke bari idan sun kai ziyara ba su tarar da mai gida ba, shi ya sa aka kira shi katin ziyara. Takardar da ake wanke hoton a kai farin ƙwai ake shafa mata da gishiri, sannan a jiƙa ta da sinadarin azurfa. Azurfar ce ke yin duhu a duk inda haske ya taɓa. Masana'antun wannan takarda a birnin Dresden na Jamus sai da suka riƙa fasa dubban ƙwai a kowace rana.

Farashi ya faɗi, talaka ma ya samu shiga. A 1860, da John Mayall ya fitar da katunan Sarauniya Victoria da iyalanta aka shiga sayarwa, sai tara katunan ya zama yayi a Ingila da Amurka. Abin da ya shafe mu a nan shi ne bayan katin. Can mai hoto ke buga sunansa da adireshin shagonsa. Duk wanda aka ba hoton, an ba shi tallan wanda ya ɗauka. Yau masu binciken tarihi da wannan rubutu suke gane shekarun hoto, domin idan an san lokacin da shago ya zauna a wani titi, an san tsakanin shekarun da aka ɗauka.

Mutum biyu, darasi ɗaya

A Afirka ta Yamma sana'ar ta fara ne daga bakin teku. Augustus Washington, baƙar fata daga Amurka, ya koma Laberiya a 1853 da kayan aikinsa. A Akara akwai iyalan Lutterodt, a Legas kuma George Da Costa ya buɗe shago a 1895.

Jonathan Adagogo Green ɗan ƙabilar Ijaw ne daga Bonny, an haife shi a 1873, ya rasu a 1905. Shi ya ɗauki sanannen hoton nan na Oba Ovonramwen na Benin a cikin jirgin ruwa a 1897, bayan Turawa sun ci birninsa suna kai shi gudun hijira Kalaba. A hatiminsa "J. A. Green" kawai ya rubuta a matsayin sunansa, don haka an daɗe ana zaton Bature ne. An buga hotunansa a littattafai da katunan gidan waya, sau da yawa ba tare da sunansa ba. Duk da haka hatimin ne ya ba masu bincike bakin zaren, har Martha Anderson da Lisa Aronson suka fitar da littafi a kan aikinsa a 2017.

Na biyun shi ne Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. A 1991 an baje wasu hotunansa a birnin New York, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Alhali mutumin yana nan da ransa a Bamako, da dubban dodannin hotunansa a ajiye. Sai da André Magnin ya tashi takanas zuwa Mali da kwafin hotunan, ya nuna wa wani mai hoton, Malick Sidibé, shi ya gane aikin ya nuna masa gidan Keïta. A 1994 aka yi baje kolin aikinsa shi kaɗai a Faris. Da Sidibé bai gane hannun ba, da wataƙila har yau "wani mutum" ne ya ɗauki hotunan.

Akwati mai ƙafa uku

Kalmar "hoto" kanta ararriya ce daga Turanci, bakin Bahaushe ya mai da harafin farko "h". Hotunan farko-farko na ƙasar Hausa da aka fi samu a ma'ajiyar tarihi na jami'an mulkin mallaka ne, musamman bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, kuma sarakuna da fada suka fi yawa a ciki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin waɗanda aka fi ɗauka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, 'yan kudu suka biyo shi da sana'o'insu, kuma da yawa daga cikin shagunan hoto na farko a Sabon Gari nasu ne.

Mutumin karkara kuwa ba sha'awa ce ta fara kai shi gaban kyamara ba, takarda ce: fasfon Hajji, lasin tuƙi, fom ɗin makaranta, takardar ɗaukar aiki. Wanda ya biya wannan buƙata shi ne mai akwati. Akwatin katako ne a kan ƙafa uku, da gilashi a gaba da baƙin ƙyalle a baya. Cikinsa ne ɗakin duhun: akwai takarda mai azurfa da ƙananan kwanoni biyu na ruwan magani. Mai hoto zai cire murfin gilashin na 'yan daƙiƙoƙi ya mayar, ya zura hannu ta hannun riga ya tsoma takardar a ruwan farko hoto ya bayyana, ya tsoma a na biyu ya tsayar da shi. Abin da ya fito dodo ne, don haka sai ya kafa shi a gaban gilashin ya sake ɗaukarsa, baƙi ya koma fari. Cikin 'yan mintuna ka karɓi abinka, ba wutar lantarki.

Irin wannan mai hoto bai buƙaci kati ba. Kowa ya san gindin bishiyar da yake zama ranar kasuwa. Da fim mai launi ya zo sai lissafi ya canza. Wanke shi sai da inji, injin kuma sai a birni. Mai hoton biki zai ɗauka yau, ya tara fim ya kai Katsina ko Kano, ya dawo bayan kwanaki. Ka ba da kuɗin kafin alƙalami, to ina za ka same shi idan bai dawo ba? Nan hatimi a bayan hoto da ɗan rasit suka zama shaidar amana.

Hoton da ba shi da baya

Mai ɗaukar hoto don sha'awa shi ma yana da tarihinsa. A 1888 George Eastman ya fitar da kyamarar Kodak da fim na hoto 100 a ciki. Idan ka gama sai ka aika wa kamfani ya wanke maka. A 1900 aka fitar da Brownie a kan dala ɗaya. A wajenmu wayar hannu ce ta yi wannan aikin. Layin GSM ya fara aiki a Najeriya a 2001, bayan wasu shekaru kuma kyamara ta shiga aljihun kusan kowa.

Sai dai hoton waya ba shi da bayan da za a buga wa hatimi. Abin da ya maye gurbinsa shi ne wani ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF, wanda ke tafiya a cikin fayil ɗin: irin wayar, rana da lokaci, wani sa'in har da daidai wurin da aka tsaya. A kyamarori da yawa mutum na iya sa sunansa a ciki. Amma idan ka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi ta goge wannan bayani. Kafin hoton ya kai waya ta uku ya zama maraya. Shi ya sa ake yawan ganin tsohon hoto, ko na wata ƙasa ma, ana yaɗa shi a matsayin harin da aka kai jiya.

Doka dai tana bayan mai ɗauka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare hoto ba sai an yi masa rajista ba, kuma ta ba wanda ya ɗauka haƙƙin a ambaci sunansa. Amma sai an san ko wane ne kai tukuna.

A Batsari da Safana

A waɗannan ƙananan hukumomi biyu, da ke bakin dajin Rugu a yammacin jihar Katsina, maganar tana da nauyin da ba ta da shi a Faris. Shekarun hare-haren 'yan bindiga sun sa mutane ɗari-ɗari da baƙon da ke nuna waya yana ɗaukar gidaje da hanyoyi, domin tsoron masu kai wa ɓarayi rahoto ba wasa ba ne. Saurayin da ya je ƙauyen da ba a san shi ba don ɗaukar faɗuwar rana zai iya samun kansa a tsakiyar tambayoyi. Kati mai sunansa da garinsu yana taimakawa wajen bayani. Amma kowa zai iya buga kati, don haka ba ya maye gurbin sallama ga mai unguwa ko dagaci, da ɗan gari da zai tsaya maka.

Lambar waya ma ba kullum take aiki ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, aka kwashe watanni a haka. Wanda shaidarsa kaf tana Facebook ya ɓace a lokacin. Wanda aka sani da "ana samunsa a shagon wane, kusa da tasha" yana nan.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan. Ƙauyuka da dama sun watse, mutane sun koma cikin Batsari da Katsina da abin da suka iya ɗauka. Hoton masallacin wani ƙauye, ko rijiyarsa, ko taron sunan da aka yi a ƙofar gida, zai iya zama shaida ɗaya da ta rage cewa an zauna a wurin. Nan da shekara talatin jikokin mutanen za su nemi wanda ke da asalin hoton. Idan ba suna, ba za su same shi ba.

To, a buga ko kar a buga?

A buga, amma da lura. Suna, da lamba, da wurin da jama'a ke iya samunka sun isa. Adireshin gida bai kamata ya hau kati ba a yankin da ake satar mutane, haka nan a kashe bayanin wuri a saitin kyamara kafin a yaɗa hoto. Idan ba sana'arka ba ce, rubuta haka ƙarara, don kada a ɗauke ka mai neman aikin biki, kada kuma ka karya wa masu ci da sana'ar farashi. Ƙara rubutun ajami a gefe ɗaya zai amfani wanda bai yi boko ba.

Amfanin katin mafi girma na wanda ka ɗauka ne. Tsohon da ya yarda ka ɗauke shi a rumfarsa yana da haƙƙin ya san inda fuskarsa ta tafi, ya nemi kwafinsa, ko ya ce a cire. Mata da yara sai da izini, jami'an tsaro da shingayensu kuwa a bar su. Idan ka wanke hoto a takarda, ɗauki biro ka rubuta a bayansa: sunanka, sunan garin, da ranar. Idan na waya ne, ka ajiye asalin fayil ɗin a wuri biyu da waɗannan bayanai uku a sunansa, ka kuma tura shi a matsayin fayil ga duk wanda kake so ya same shi da bayanansa cikakku.