Kunnen Makaɗin Fada da Baƙon Kiɗa: Zaman Yusef Lateef a Ƙasar Hausa, 1981 zuwa 1985

A fadar Daura, kamar sauran tsofaffin fadojin Hausa, kiɗa magana ne. Idan aka fito hawan Sallar Gani, mai algaita ba daɗin sauti kaɗai yake nema ba. Take yake busawa, watau kirarin sarki ko na wani basarake, wanda aka ɗora a kan hawa da saukar murya irin na harshen Hausa. Mai sauraro da ya tashi a garin yana jin kalmomin ko da ba a furta su ba. Haka kakaki, haka tambura, waɗanda ba a taɓa su sai don sarauta. Saboda haka idan makaɗi ya zo wa abokan sana'arsa da sabon abu, tambayar da ke gaba ita ce: me ya ce, kuma wa ya ce wa? Bayan wannan ne ake duba ko amshi ya zauna a kan kiɗa, ko kuwa 'yan amshi za su yi ta tuntuɓe da shi a gaban jama'a. Waƙar da ta kasa tsallake 'yan ƙungiya ba ta isa ƙofar fada.

Wannan ma'auni shi ne ya kamata a riƙe idan ana son fahimtar abin da ya faru a Zariya a farkon shekarun 1980, lokacin da Daura da Zariya suke cikin jiha ɗaya, Jihar Kaduna, kafin a fitar da Jihar Katsina a 1987. A 1981 ne Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello ta karɓi wani baƙo daga Amurka a matsayin babban mai bincike. Sunansa Yusef Lateef, ɗaya daga cikin manyan mabusan kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka. An haife shi a Chattanooga a 1920, ya girma a Detroit, ya musulunta tun yana saurayi. Saksofon ne babban kayan aikinsa, amma tun cikin shekarun 1950 ya shiga busa obo da sarewa iri-iri, da wasu kayan busa na Gabas. Faifansa Eastern Sounds na 1961 shaida ne a kan haka. Shi kansa bai yarda da sunan jaz ba, yana ganin akwai raini a cikinsa. Ya fi son a ce kiɗa ne da ke fitowa daga jiki da hankali da ruhin mai yin sa.

Mutumin da ya zo da irin wannan tarihi bai zo hannu rabbana ba, kuma bai iske fili ba kowa. Obo da algaita 'yan gida ɗaya ne, domin dukkansu da tagwayen beli ake busa su. Dabarar da mabusan algaita suka gada, ta cika kumatu da iska a riƙa shaƙa ta hanci ba tare da sauti ya yanke ba, ita ce wasu mabusan jaz irin su Rahsaan Roland Kirk suka yi suna da ita. Kira da amsawa kuwa, wanda shi ne ƙashin bayan waƙar baka ta Hausa, yana nan a kiɗan baƙaƙen Amurka tun daga waƙoƙin gona. Lateef ya fi mai da hankalin bincikensa ga sarewar Fulani makiyaya, ya kuma yi aiki da makaɗan cibiyar, har aikin ya haifar da faifai biyu a 1983: Hikima, da kuma In Nigeria, wanda aka ɗauka a Legas aka fitar a Amurka a 1985.

A nan ne batun ya yi armashi. Mabushin jaz ana yaba masa ne idan ya bar hanyar da aka shata ya ƙago tasa nan take, ya yi nisa, sannan ya dawo gida lafiya. Makaɗin fada kuwa ana yaba masa idan ya faɗi abin da aka sani da kyau, ya yi masa ado ba tare da ya ɓata shi ba. Wanda ya karkatar da taken sarki ya yi laifi, ba gwaninta ba. Kunnuwa biyu ke nan masu neman abu daban a cikin sauti ɗaya. A ganina, abin da ya sa aikin Lateef ya fi yawancin irin wannan gamin-gambiza daraja shi ne inda ya ajiye kansa. A In Nigeria ganguna ne suka riƙe ginin, busarsa tana tafiya a kansu. Wanda ya ɗora busa a kan ganga ya miƙa wuya ga hukuncin mai ganga, domin idan ya saki ƙafa ba sai an gaya masa da baki ba. Kiɗan ne zai bar shi a baya. Wannan irin gyara ya fi na takarda kaifi, kuma makaɗan Hausa sun daɗe suna yi wa juna shi a tsakiyar wasa.

Duk da haka akwai abin da ba ya ƙetarewa. Lateef ya ci gaba da busa algaita bayan komawarsa gida a 1985, har ta shiga babban aikinsa The African American Epic Suite da ya fito a 1994. Ga mai sauraro a Jamus ko Amurka, wani launin sauti ne mai tsini da ban sha'awa. Ga Badauri da ya saba jin ta a gaban dokin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, algaita ce da ba ta kiran sunan kowa.

Abin da ya bari a rubuce shi ne littafin Hausa Performing Arts and Music, wanda suka wallafa tare da Ziky Kofoworola a 1987. Ya rasu a Massachusetts a watan Disamba na 2013 yana da shekara 93, kuma a 2019 aka sake buga Hikima a Amurka bayan ya daɗe da ɓacewa daga kasuwa.