Daga Kuɗin Udoji Zuwa Kwaɗo Biyu: Tarihin Babur a Mai'adua

Jama'a, yau a Mai'adua idan aka ce an sace wa mutum mashin, jaje ake zuwa yi masa kamar wanda ya yi gobara. Kuma ba zuzutawa ba ce. Sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya, mafi ƙarancin albashi kuwa naira dubu 70 ne tun dokar Yulin 2024. Ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na sama da wata 14, bai ci ba bai sha ba, kafin ya ɗauko sabo a kwali. A 2011, lokacin da Honda ta fito da Ace CB125 a kan kusan naira dubu 100, mafi ƙarancin albashi dubu 18 ne, wato wata shida ma bai cika ba. Wannan lissafin ne ya sa na zauna na bi tarihin abin, don na lura duk shawarar da aka yanke a Abuja a kan naira, ko fetur, ko iyaka, a garinmu kan babur take fara sauka. Amma gwamnati ba ta tunawa da shi sai ranar da za ta hana hawansa.

Kafin babur, jaki ne da raƙumi da ƙafa, sai keke daga baya. Layin da Turawan Ingila da na Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ya raba dangi gida biyu, amma bai hana mutumin Koza ko Bumbum zuwa suna da ta'aziyya a ƙasar Matamaye ba. Mai Raleigh a wancan zamanin babban mutum ne, ana aron kekensa kamar yadda ake aron mota yanzu.

Abin da ya canza lissafi shi ne Udoji. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, zamanin Janar Gowon, aka ƙara albashi, aka biya ma'aikata har da ariyas a farkon 1975. Kuɗin mai ya shigo, naira ta fi dala ƙarfi, ga kuma bashin abin hawa da gwamnati ke bai wa ma'aikatanta. Malamin makaranta da malamin gona da malamin asibiti suka ajiye keke suka ɗauko Honda, Suzuki, Yamaha, masu son gayu kuma Vespa. Lokacin ma ba a yi jihar Katsina ba, Kaduna ce hedikwatarmu. Mu da muka taso a shekarun 1980 mun riski ragowar waɗannan baburan a gindin bishiyar makaranta, an lulluɓe sirdin da tsumma saboda rana. Ba a ɗaukar fasinja da su, ba a ɗora musu buhu. Babur shaidar albashi ne, kuma a ƙauye ƙararsa kaɗai ta isa a san wane malami ne ya shigo. Can tsallaken iyaka kuwa mobilet ɗin Faransa ce ta fi yawa, wadda ake fara tuƙa ta da feda kamar keke kafin ta tashi.

Akwai wani abu a kan Honda CG125 da ya kamata bakanikenmu su sani, don kusan kullum jikokinsa suke kwancewa. A 1975 aka fito da shi, bayan injiniyoyin kamfanin sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga mutane ba sa juyen baƙin mai a kan lokaci, ga ƙura, ga lodi fiye da kima. Sai suka ƙera inji mai sauƙin gyara wanda zai jure wulaƙanci. Wannan injin ne kamfanonin Chana suka yi ta kwaikwaya daga baya. A 1979 kuma Honda ta kafa kamfaninta a Ota ta jihar Ogun don haɗa babura a cikin gida.

Daɗin bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu tun zamanin Shagari, sannan Babangida ya kawo SAP a 1986, naira ta fara gangara. Sabon babur ya fi ƙarfin ma'aikaci, sai kwance da ake shigowa da su ta Kwatano. A nan ne acaɓa ta samo asali a garuruwan Arewa: mutum ya taso daga ofis, ya canza riga, ya fita neman na cefane da babur ɗin da a da ko ƙaninsa ba ya ba aro. A kudu suka ce okada, daga sunan kamfanin jirgin sama na Okada Air, a Nijar suka ce kabu-kabu. A ganina wannan zamanin ne ya haifar da ƙwararrun bakanike da muke da su, waɗanda in kayan gyara ya ɓace sai su fere wani su sa. Babu ce ta koya musu.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 sai ga Jincheng. Ni kaina shi na fara saya da na kama aiki. Ga araha, ga kayan gyara ko'ina, amma injinsa irin mai ƙona baƙin mai tare da fetur ne, shi ya sa hayaƙi, shi ya sa fulogi ke yawan toshewa, kowa na yawo da fulogi na biyu da sifana a aljihu. Zuwansa ya zo daidai da dawowar siyasa a 1999, babur ya zama abin rabo. Ɗan takara ya jera su a fili, a ɗauki hoto, wasu kafin la'asar sun kai nasu kasuwa. Mata ma'aikata da dattawa suka samu roba-roba. Sannan Bajaj na Indiya ya shigo da Boxer, ya kwashe kasuwar 'yan haya kakaf, saboda dalili biyu: ba ya shan mai kamar Jincheng, kuma doguwar kujerarsa da ƙarfin bayansa sun dace da hanyar yashi da lodin da muke yi masa. Daylong da Haojue da Lifan duk sun samu rabonsu, amma in ana zancen lodi, Boxer ake nufi.

To a garin iyaka irin namu, babur ya wuce abin hawa. Ranar Lahadi ku tsaya bakin kasuwa ku gani: akuya biyu a kwando, buhun gero, mace da goyo, duk a kan ƙafa biyu. Shi ke kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Shi ne kuma, mu faɗa wa kanmu gaskiya, motar 'yan fito. Muddin fetur ɗin Najeriya na da tallafi, jarkoki na bin hanyoyin daji zuwa Nijar, shinkafa da taliya na dawowa. Da gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a Agustan 2019, manyan motoci suka tsaya a Kongolam, aikin ya koma kan babura. A Nuwamban shekarar kuma kwastan suka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wannan doka ba ta tambayi wane ne ɗan fasa-ƙwauri wane ne malamin firamare ba. Dukkanmu muka koma hannun 'yan bumburutu, muna sayen kwalba da tsada, mai kuma wani lokaci gauraye, kabireta na toshewa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai Maris ɗin 2024 aka buɗe ta ɓangarenmu.

Dokoki a kan babur ɗin kansa ma suna da nasu tarihi. Ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗura ta fara tilasta hular kwano, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a kai, labarin ya zagaya duniya ana dariya. Ni dai ban ga abin dariya sosai ba, don dokar daidai ce, kuma har yau kai babu kariya muke hawa. Daga nan sai batun ya koma na tsaro. Maiduguri ta hana babura a Yulin 2011. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, kuma da yawa daga matasan da suka rasa sana'a can sun dawo garuruwansu da baburansu, ciki har da ƙasar Daura. Diffa ta bi sahu a 2015, Tillaberi a 2020. A yammacin jiharmu da Zamfara 'yan bindiga suka mayar da babur dokin yaƙi, har wani samfurin Honda ya samu laƙabin "Boko Haram" a bakin jama'a.

Ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Masari ya sa hannu a dokar daƙile matsalar tsaro. Ta hana goyon mutum uku, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da ta Mai'adua, duk da cewa mu ba ma cikin yankin da ake fama da hare-hare. Ban ce babu hujja ba, don dabbar sata na iya tafiya nesa kafin a sayar da ita. Amma ɗan acaɓan da ke samun na mako daga jigilar Lahadi babu wanda ya lissafa da shi. A Yulin 2022 ma har ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce gwamnatin tarayya na duba yiwuwar hana babura a ƙasar baki ɗaya. Allah ya sa maganar ba ta je ko'ina ba. Wanda ya kawo wannan shawara da ya kwana ɗaya a ƙauyen da ba kwalta, da bai kawo ta ba.

Duk da haka samarinmu ba su fasa ƙauna ba. Sabon mashin ba a cire masa leda sai ta gaji ta yage da kanta. A yi wa kujera riga, a manna sitika, a sa oda mai kukan tirela, a ɗaura rediyo. Madubi kuwa shi ake fara kwancewa, wai yana ɓata kyau, abin da har gobe na kasa ganewa. Ranar ɗaukar amarya ko taron siyasa, ko ranar da aka ɗunguma Daura kallon hawan Magajiya da Sallar Gani, sai ka ga ayari guda, wasu na ɗaga ƙafar gaba, wasu sun saki hannu. Kusan kowace unguwa akwai wanda ke ɗingishi saboda irin wannan rana. Sai dai tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura dubu a ƙarshen 2024, ayarin ya ragu da kansa. Abin da wa'azi bai hana ba, farashin lita ya rage shi. Yanzu ango sai ya zuba wa abokai mai kafin su fito.

Gyara ma ya canza. Da in inji ya fara hayaƙi sai a ce a sayar a ƙara kuɗi a ɗauko sabo. Yanzu sai a sauke shi, a canza fistin da ringi, a ja wata shekara biyu. Ɗan faci na liƙe tib ɗin da faci ya fi roba yawa. Kayan gyara kuwa kashi-kashi ne, mai shago zai tambaye ka na ƙwarai kake so ko na lallaɓawa, kuma aljihu ne ke ba da amsa. Shawarata ga 'yan'uwa ma'aikata, in za ku yi tsimi ku yi a kan sitika da rigar kujera, kar ku yi a kan baƙin mai da birki.

Sai babbar matsalar, sata. Babur yanzu dukiya ce da ake tura ta da hannu. A ƙofar masallaci, a bakin kasuwa, a zauren gida, minti biyu sun isa. Shi ya sa kwaɗo biyu da sarƙa, wasu har da ɓoyayyen makunni, masu hali kuma na'urar bin sawu. Faɗuwar naira ta ƙara wa abin armashi, don jaka ɗaya ta sefa ta haura naira dubu biyu, ga iyaka kusa. Kuma kar a ɗora wa maƙwabta laifi, na can ma ana satowa a kawo nan, in ba a kwance shi an sayar gunduwa-gunduwa ba.

Inda nake ganin mun yi sakaci, mu da hukuma, shi ne takarda. Shekara hamsin daga Udoji, yawancin baburan ƙauyukanmu ba su da lamba. Ana sayar da mashin hannu uku, hannu huɗu, da rasidin mutum na farko wanda babu wanda ya san inda yake. Mutum zai je kai rahoton sata, a tambaye shi lambar inji da ta shasi, ya ce shi dai ja ne, akwai ɗan lotsawa a tanki. Ta yaya za a nemo wannan? Kuma hukumar da ba ta iya bambance mashin ɗin manomi da na ɓarawo, abin da ya rage mata shi ne ta hana kowa, kamar yadda aka yi ta yi tun 2011.

Mun san yadda ake cinikin saniya a karar Mai'adua: akwai dillali, akwai shaidu, akwai wanda za a tuhuma in ta zama ta sata. Babur ɗin da ya kai kuɗin sa bai samu ko rabin wannan ba. Ƙungiyar 'yan acaɓa, da masu sayar da tsofaffin babura, da bakanike, da masu unguwanni za su iya buɗe rijista guda: sunan mai saye da mai sayarwa, lambar inji, lambar shasi, lambar waya, shaidu biyu. Bakanike kuma ya ƙi taɓa injin da aka goge wa lamba. Kuɗin da za a kashe bai wuce na littafi da biro da hatimi ba, in an so a ajiye kwafi a waya. Zai fi amfani in shugabannin 'yan kabu-kabu na Dan Barto da Matamaye suna da irinsa, a riƙa tura wa juna lambar duk wanda ya ɓata a ranar da ya ɓata. Kafin a kai ga haka, duk mai mashin ya duƙa yau ya ɗauki hoton lambobin nan biyu da wayarsa, ya tura wa wani ɗan'uwansa ya ajiye masa, don sau da yawa ɓarawon da ya ƙwace mashin a hanya da wayar yake haɗawa.