Yadda Fleetwood Mac Ta Samar da Faifan Rumours

A ranar 4 ga Fabrairu 1977 kamfanin Warner Bros. ya fitar da Rumours, faifan ƙungiyar mawaƙa ta Fleetwood Mac. Ya yi makonni 31 a saman jadawalin Billboard na Amurka, ya ci kyautar Grammy ta gwarzon faifan shekara a 1978, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 40 a duniya. Masu ba da labarinsa sukan ce rikicin soyayya tsakanin mawaƙan ne ya ɗaga shi. Rikicin ya faru, babu shakka, amma ba shi ne ya sa faifan ya daɗe ba. Abin da ya riƙe shi shi ne haɗuwar marubuta waƙa uku masu salo daban-daban, da makaɗa biyu da suka san aikinsu.

Asalin ƙungiyar a Landan ne, a 1967, inda Peter Green ya kafa ta don yin kiɗan blues, ya kuma raɗa mata suna daga sunayen mai ganga Mick Fleetwood da mai gitar bass John McVie. Green ya fice a 1970, shekarar da Christine, matar John, ta shigo da piyano da muryarta mai sanyi. Daga nan mawaƙa suka yi ta shiga da fita, har ƙungiyar ta koma Kalifoniya a 1974. A can ne Fleetwood ya ji wani faifai a ɗakin ɗaukar sauti na Sound City, kiɗan gitar Lindsey Buckingham ya burge shi, ya nemi ya shigo. Buckingham ya gindaya sharaɗi cewa sai dai a ɗauke shi tare da budurwarsa Stevie Nicks. Aka amince. Faifan da su biyar suka fitar a 1975 ya samu karɓuwa sosai a Amurka, don haka lokacin da suka shiga situdiyon Record Plant da ke Sausalito a farkon 1976, kamfani da masu saurare duk sun zuba ido.

Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Auren John da Christine ya mutu, har ba sa magana sai kan aiki. Buckingham da Nicks suna rabuwa cikin faɗa, auren Fleetwood ma yana tangal-tangal. John McVie ne ya ba da shawarar sunan faifan, mai nufin jita-jita, don ya lura kowa yana rubuta waƙa ne a kan ɗan'uwansa. A nan ne faifan ya bambanta da sauran waƙoƙin rabuwar masoya. Mawaƙi ɗaya idan ya yi kukan soyayya, ɓangare ɗaya kawai ake ji. A Rumours kuwa mai ƙara da wanda ake ƙara duk suna ɗaki ɗaya. Buckingham ya yi Go Your Own Way cikin fushi, da ganga mai tuntuɓe wadda ya nemi a gina kan salon wata waƙar Rolling Stones. Nicks ta rubuta Dreams cikin ƴan mintoci a wani ɗaki na situdiyon da mawaƙi Sly Stone ya saba amfani da shi, ta mayar da martani a natse, kan sautuka biyu kacal da ke ta maimaituwa. Abin lura shi ne, Nicks ce ke amshi a waƙar da ke zarginta, Buckingham kuma shi ya ƙawata waƙar da ke gugar zana da shi. Christine ta tsaya tsakani da Don't Stop, tana rarrashin mijin da ta rabu da shi ya dubi gaba, John ɗin kuwa shi ke buga mata bass.

Wani zai ce ai wannan ma hujja ce cewa gulma ce ta sayar da faifan. Amsar tana cikin yadda aka gina The Chain, waƙa ɗaya tilo da ke ɗauke da sunan dukkansu biyar. Ba a zauna aka rera ta lokaci ɗaya ba. Ƙarshenta, inda bass ɗin John ke shigowa shi kaɗai kafin ganga ta biyo, an ciro shi ne daga wata waƙar Christine da aka ajiye. Baitocin na Nicks ne, farkon gitar kuma Buckingham ya ɗauko daga tsohon aikinsa, aka yanka tef da reza aka haɗa. Gidan talabijin na BBC ya yi shekaru yana buɗe shirin tseren motoci na Formula One da wannan bass, kuma masu kallo ba su buƙaci sanin wa ya saki wa ba. Haka Bill Clinton ya ɗauki Don't Stop a matsayin taken yaƙin neman zaɓensa na 1992. A 2020 kuma wani ɗan gajeren bidiyo a TikTok ya mayar da Dreams cikin jadawalin Billboard, a kunnen matasan da aka haifa shekaru da dama bayan rikicin. Gulma takan mutu da zamaninta, waɗannan waƙoƙi kuwa sun rayu a wuraren da ba a san labarin ba.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi. A 1977 ɗin kiɗan punk yana tashe a Ingila, Sex Pistols da ire-irensu suna ƙyamar mawaƙa masu kuɗi da ke shafe watanni suna goge sauti. Gaskiya ne an yi almubazzaranci wajen haɗa Rumours, an sha hodar ibilis da barasa, an kuma juya tef ɗin har ya fara lalacewa, sai da masu haɗa sauti, Ken Caillat da Richard Dashut, suka koma ga kwafin ajiya don ceto sautin ganga. To amma a dubi abin da ya fito daga wannan wahala. Waƙoƙi sha ɗaya ne cikin kusan minti 40, babu doguwar gita ta nuna bajinta. Never Going Back Again kusan gita ce da murya kawai. Songbird an ɗauke ta a zauren Zellerbach na jami'ar Berkeley, Christine na zaune gaban piyano, kujerun zauren babu kowa. Har Silver Springs, wadda Nicks ke ji da ita, an cire ta don faifan ba zai ɗauka ba, abin da ya daɗe yana yi mata ciwo. Gogewar da ake suka ta tafi ne wajen rage abin da ya yi yawa, shi ya sa zafin da ke cikin muryoyin yake fitowa fili.

Waƙoƙi huɗu daga faifan sun shiga cikin goma na farko a Amurka, kuma Dreams ce kaɗai waƙar ƙungiyar da ta taɓa kaiwa ta ɗaya a can. Faifan Tusk da ya biyo baya a 1979 bai kai rabin wannan kasuwa ba, kodayake mutanen su ne dai, rigimar ma ba ta ƙare ba. Rikici ya ba Rumours abin faɗa, amma ƙwarewa da haƙurin aiki tare ne suka mayar da shi faifan da ya cancanci sunan da ya yi.